Ranar da Na Cire Furanni daga Manhajata

A shekarar da na yi karatun kwamfuta a Birnin Kudu, abu biyu ne ba sa rabuwa da ƙarƙashin matashina a gidan goggona: littafin soyayya da nake kan karantawa, da filashin da aikina na kammalawa yake ciki. Ni 'yar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram. Noma ake yi a gidanmu, amma har yau akwai 'yan shanu a bayan gida, ragowar garken kakanni, Baba yana ji da su kamar 'ya'yan da ya haifa.

Makarantar ƙarama ce, ɗakuna uku da rumfar kwano, karatun shekara guda. Malamin da ke koya mana rubuta manhaja mutum ne mai sanyin hali, kullum da alli a gefen hularsa. Idan ya shigo ɗakin kwamfutoci, kafin ma ya zauna sai ya ce, "To, kowa ya buɗe C."

Sai mu danna wani ɗan hoto da ke gefen allo. Nan take allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, irin shuɗin turmin da ya sha baba a marina, rubutu kuma ya fito ruwan ɗorawa. A cikin shuɗin nan muke rubutu, a cikinsa muke danna maɓallin gwadawa, shi yake nuna mana inda muka yi kuskure. Shi muke kira C. Za ka ji ɗaliba ta ce, "Malam, C ɗina ya ƙi buɗewa," ko "C ya maƙale." Babu wanda ya taɓa ce mana ba haka ake faɗa ba. Ni kuwa son shuɗin allon nan nake yi, so na gaske. Idan na zauna gabansa ji nake kamar ni da shi muna da wani sirri da sauran 'yan ajin ba su sani ba.

Da lokacin zaɓen aikin kammalawa ya zo, kowa ya gudu zuwa abu mai sauƙi, shafukan yanar gizo da makamantansu. Ni kaɗai na ce da C zan yi nawa, don Malam ya taɓa cewa na masu ƙwaƙwalwa ne. Na rubuta manhajar da idan ka ba ta ranar da aka yi wa saniya barbara, za ta faɗa maka ranar da ake sa ran haihuwarta. Malamin dabbobi na garinmu ne ya ba ni adadin, kwana ɗari biyu da tamanin da uku. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi ya ce shi da ido yake gane wannan, amma na ga ya je yana ba maƙwabta labari.

Lissafin kansa mako biyu ya ɗauke ni. Wata uku kuwa na yi ina yi masa ado. Idan ka buɗe manhajar, allo zai share kansa tas, jinjirin wata ya fito a sama da taurari bakwai, furanni ja da kore su zagaye gefe huɗu, sannan wata farar saniya da na zana da ɗigo-ɗigo ta bayyana a tsakiya, kalmar maraba tana ƙyaftawa a ƙarƙashinta. Har wani ɗan sauti na sa mata mai kama da sarewa. Kowane fure sai da na ƙirga layi da gurbi na ajiye shi a inda nake so.

An ce mana daga waje za a turo mai jarrabawa, injiniya. Tun daga ranar na gama zana shi a zuciyata: dogo, wankan tarwaɗa, farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Zai dubi jinjirin watan, ya yi shiru, sannan ya ɗago ido a hankali ya tambayi wace ce ta yi wannan. A littattafan da nake karantawa, daidai nan ake rufe babi.

Amma akwai abin da ya fi mafarkin nan nauyi. Shugaban wata makarantar sakandare a Gwaram ya gaya wa Baba suna neman mai koyar da kwamfuta. Ya ce zai riƙe mini gurbin zuwa ranar Litinin, in na zo da takardar shaidar na kammala, shi ke nan; in ban zo ba, akwai wani da takardarsa ke hannu yana jira. Ranar Alhamis za mu kare aikinmu. Mai jarrabawa ne yake sa hannu a takardar, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wanda ya faɗi, sai baɗi.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa tun asuba. Dama tun Talata babu wuta a unguwar, iska ta kayar da turken lantarki. Na isa makaranta hijabina a jiƙe sharkaf, na tarar da maza uku sun kewaye janareta a rumfa, wannan ya ja igiya ya gaji, wancan ya karɓa. Ruwa ya shige shi. Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Kwamfutocin ɗakinmu duk suna zaune baƙi ƙirin, har da tawa ta kusa da taga, wadda shuɗin allona yake ciki.

Wajen ƙarfe goma mai jarrabawa ta iso. Ba injiniyan farar shadda ba ne. Wata Hajiya ce, dattijuwa gajeriya, da takalmin roba da lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya, tabarau na rataye a wuyanta da zare. A motar haya ta zo, kuma ta faɗa tun daga ƙofa cewa kafin la'asar za ta juya, don ba ta son hanya ta yi mata duhu cikin ruwa. Malam ya shiga ba ta haƙuri kan wuta.

"Ba komai, Malam," in ji ta. "Ga laftof ɗina. Kowa ya kawo filashinsa mu gani a nan. Sai dai cajin rabi ne da ɗan ɗoriya, kada wanda ya tsaya yi mini dogon Turanci."

Mu goma sha ɗaya ne. Ni ce ta uku.

Na miƙa mata filashi da hannu biyu, na ajiye kundin aikina da aka buga aka ɗinke a gefen tebur. Ta buɗe fayil ɗin, ta sa tabarau. Ban ga shuɗi ba. Wani baƙin allo ta buɗe, ta rubuta layi ɗaya gajere, ta danna. Jan rubutu ya zubo, ya yi ta zubowa kamar an kwance bakin buhun gero, har na farkon ya ɓace sama.

"Bai shiga ba," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ai ba ki buɗe C ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Me kika ce?"

"C ɗin, mai shuɗi. Ina jin kwamfutarki ba ta da shi. Ko kuma ba ta jin C."

Wani daga baya ya yi ƙaramar dariya ya haɗiye ta. Malam yana tsaye jikin ƙofa, na ga ya cire hularsa ya mayar.

"Tana ji sarai, 'yata," Hajiya ta ce. "Shekara nawa ina yi mata magana da shi. Ke ce ba ki yi mata shi zalla ba. Zo nan ki gani."

Ta koma saman fayil ɗin, inda ake jera sunayen ɗakunan ajiyar da manhaja za ta ɗebo kayan aiki daga ciki. Guda biyar na jera. Ta ɗora farcenta a kan uku.

"Waɗannan na yaren ne. Duk inda kika je a duniya, in dai C ne, za ki same su." Ta matsar da farcen kan sauran biyun. "Waɗannan kuwa na kamfanin da ya yi shuɗin allonku ne. Shi ya ƙera su ya haɗa da kayansa, don a ji daɗin saye. Share allo, launi, ajiye abu a gurbi kaza, sautin nan, duk nasa ne."

"To ai a cikin C suke, Hajiya. A ciki na same su."

"A cikin kayan kamfani kika same su. C ba abin da ake dannawa ya buɗe ba ne. Yare ne, ƙa'idoji ne a rubuce, ba shi da launi. Kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye, sai da tafinta, shi ake kira kompaila. Kamfanoni da yawa kowa ya yi nasa tafintan. Naku tsoho ne, ya zo da allonsa da 'yan kalmominsa na gida. Nawa wani ne daban. Yaren suka haɗa, ba kalmomin gida ba."

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne makona na farko a makarantar kwana, ranar da na ce wa wata 'yar birnin Kano ta miƙo mini tummude. Ta yi ta kallona. Na sake faɗa da ƙarfi, har ina jin haushin wautarta. A gidanmu haka Inna take kiran ƙwarya, haka kakata take kira, ban taɓa sanin Fulatanci ba ne da ya rage mana a bakin murhu. Na ɗauka duk mai jin Hausa ya san shi. Ranar ma sai da aka yi mini dariya.

"Ranki ya daɗe," na ce, "in an gyara janareta zan nuna miki a tawa. Wallahi yana yi. Kowa a nan ya gani."

"Na yarda yana yi. In an gyara kafin in tashi, bismillah." Ta waiga wajen rumfa, inda aka daina ma jan igiyar. "In ba a gyara ba, ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Lissafin naki, da kalmomin kamfani kika yi shi ko da na yare?"

Ban sani ba. Wata uku da mako biyu ina cikin abin, ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba.

"To je ki gano. Ga kundinki, ga biro. Duk layin da ba na yaren ba ne, ki soke shi. In na gama da sauran, abin da ya rage na caji naki ne." Ta zare filashina ta miƙo mini. "Na huɗu."

Malam ya taso zai biyo ni. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, bar ta. Aikinta ne."

Na koma bencin ƙarshe na zauna. Kundin shafi arba'in ne, rubutun manhajar ya cinye talatin. Na buɗe shafin farko, haruffan suna iyo a idona. Ina jin na huɗu yana bayani, yana ja, yana maimaita abin da ya riga ya faɗa, kowace kalma tasa tana shan cajin da nake jira. Ban taɓa jin haushin muryar mutum kamar ranar ba.

Can sai ga Malam ya zo wucewa kamar zai rufe taga. Ya ajiye wani tsohon littafi mai yagaggen bango a ƙarshen bencina, bai dube ni ba. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Shafukan baya." Ya rufe tagar ya koma. Hajiya ta gani, na tabbata ta gani, amma ta ci gaba da tambayar na huɗu.

A shafukan baya akwai jerin duk kalmomin da yaren ya zo da su, da na ɗakunan ajiyarsa na asali. Ban yi zaton sun yi ƙanƙanta haka ba. Na fara bi layi-layi: in kalma tana cikin jerin, in bar ta, in babu, in ja mata biro. Umarnin share allo, babu. Na soke. Umarnin launi, babu. Umarnin da nake kai alƙalami gurbin da nake so, wanda da shi na dasa kowane fure, na duba sau uku ko idona ne ya tsallake. Babu.

Jinjirin watan ya tafi a shafi na uku. Taurarin suka bi shi. Furannin sun ci shafi goma sha ɗaya, ina soke su ina tuna ranar da na yi kowanne, wannan ranar da goggo ta yi baƙi, wancan ranar da na yi zazzaɓi na ƙi zama a gida. Da na zo kan saniyar sai hannuna ya tsaya. Kwana tara na yi kafin ƙahonta ya fito daidai. Ƙawata da ke zaune a gabana, wadda ta riga ta gama nata, ta juyo ta ga biron a tsaye.

"Ke, soke ta mana," ta ce a hankali. "Ko sadakinki ce?"

"Ba ki san wahalar da na sha a kanta ba."

"Na sani, ni na riƙa riƙe miki jaka. Yanzu na bakwai ake yi, kuma na leƙa, abin cajin ya kusa kwata. Ki zauna kina makokin saniya."

Na ja layi daga saman shafin har ƙasa.

Aka kira azahar. Hajiya ta rufe laftof ɗin, muka yi salla a ɗakin da ba ya yoyo. Na idar ban san surar da na karanta ba, Allah ya yafe mini. Da muka dawo na ƙirga abin da ya tsira daga birona. Shafi huɗu ne da rabi: inda ake tambayar rana da wata da shekara, inda aka jera kwanakin kowane wata, da inda ake tarawa. A nan biro bai taɓa ko layi ɗaya ba. Na duba, na sake dubawa. Ashe lissafin da na yi cikin mako biyu na wuce shi ban ƙara waiwaya ba, da yaren zalla na rubuta shi, ban sani ba.

Na goma sha ɗaya ya tashi ƙarfe uku saura. Ruwa ya tsagaita, ya koma yayyafi. Hajiya ta duba agogonta, ta duba ƙasan allon, ta juyo da laftof ɗin wajena.

"Cajin ya zama ja," in ji ta. "Ban san minti nawa zai ba ki ba. Kada ki tsaya gogewa ɗaya-ɗaya. Buɗe sabon fayil ki kwaso masu rai."

Madannanta ba irin namu ba ne, sun fi laushi, yatsuna suna ta zamewa. Na mayar da filashina, na kwaso shafi huɗu da rabin nan na zuba a sabon wuri. 'Yan ajin babu wanda ya tafi, sun taru a bayana, ina jin numfashinsu. Ta nuna mini layin da zan rubuta a baƙin allon don a kira tafintan. Na rubuta, na danna.

Jan layi biyu kawai. Na manta wani umarnin jiran maɓalli a can ƙarshe, shi ma na kamfani ne. Na cire. Na sake dannawa.

Babu abin da ya fito. Allon ya sauko layi ɗaya ya tsaya yana jira.

"Ya lalace?" na tambaya.

"Ya karɓa. Shi ba ya yabo, in ya yi shiru ya yarda. Tashe ta mu gani."

Manhajar ta tashi. Farin rubutu ƙanana a kan baƙi, tsirara, kamar ɗakin amarya da aka kwashe jere. Ta tambayi rana. Hajiya ta ce in sa ɗaya ga Janairu na shekarar da muke ciki, don ya yi sauƙin bi. Na sa.

Amsa ta fito: saniya za ta haihu a wata shekara mai lamba shida.

Wani a baya ya ce, "Sai dai jikokin jikoki su sha nonon." Aka yi dariya, aka yi saurin yin shiru. Na soke wata uku na rayuwata da hannuna, abin da ya rage kuma ga shi yana hauka.

"Hajiya, wallahi ban taɓa lissafin ba. A tawa daidai yake bayarwa, sau ɗari na gwada."

"Na ji. Ina kike tara kwanakin?"

Na nuna mata. Wani ma'aji ne da na sa wa suna jimla, a cikinsa ake zuba kwanakin wata bayan wata.

"Kafin ki fara zubawa, me ke cikinsa?"

"Babu komai."

"Wa ya ce miki?"

Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana gargaɗin caji, hasken ya ragu. Ta kore shi da yatsa ɗaya. Na zuba wa layin ido. Na ce a ba ni ma'aji, an ba ni. Ban ce a wanke shi ba. Kamar ka ari ƙwarya a maƙwabta ka hau zuba nono ba ka leƙa cikinta ba.

"Ban sa masa sifiri ba," na ce.

"Yaren bai taɓa yi miki alkawarin zai zo wanke ba. A wancan allon kin yi ta dacewa ne kina samun sa babu komai, har kika ɗauka doka ce. Yi sauri."

Na ƙara alama biyu, ta daidai da ta sifiri. Yatsana ya danna wani harafi na daban, na goge, na sake. Na kira tafinta. Shiru. Na tashe ta, na sa ɗaya, na sa Janairu, na sa shekara.

Sha ɗaya ga Oktoba.

"Rubuta a bayan kundinki," in ji Hajiya. Ta miƙe ta nufi kalandar da ke rataye a bango, ta wani shagon magani, duk watannin a shafi guda. Tana ɗora yatsa a kan Janairu, laftof ɗin ya yi ɗan ƙara ya mutu.

Ta shiga ƙirga. Janairu talatin da ɗaya, Fabrairu ashirin da takwas, hamsin da tara ke nan. Tana faɗa a fili, wasu suna tayawa ƙasa-ƙasa. Maris, Afrilu, Mayu. Direban da zai kai ta tasha ya leƙo, ta ɗaga masa hannu ya jira. Ƙarshen Satumba ta samu ɗari biyu da saba'in da uku. Ta shiga Oktoba da yatsa, ɗaya, biyu, uku, har ta cika.

"Goma," ta ce. "Goma ga Oktoba. Manhajarki ta ƙara kwana ɗaya."

Ta dawo tebur ta ɗauki jakarta. Takardata tana nan a gabanta, gurbin sa hannu fari fat. Ta dubi matacciyar kwamfutar, ta dube ni, na ga alamar tausayi a fuskarta, tausayin kuwa ya fi komai tsorata ni. Babu sauran caji da za a sake gwadawa, babu abin da zan buɗe in nuna. Malam ya sunkuyar da kai.

Ni ba mai musu da manya ba ce. Amma wannan lissafin ba a shuɗin allo na koye shi ba.

"Ranki ya daɗe," na ce, "a yi mini afuwa. Kin ƙirga ɗaya ga wata a ciki."

"Eh mana. Ba ranar aka fara ba?"

"Ranar aka yi barbarar. Amma kwana aka ce, ba wuni ba. In baƙo ya sauka yau, ba a cewa ya yi kwana ɗaya sai gari ya waye. Ko suna ma haka ake yi, ranar haihuwa ba ta shiga, sai ranar ta zagayo ake cewa kwana bakwai. Kwanan farko na saniyar biyu ga wata ne."

Ruwa yana ɗiga a bokitin da aka tara a ƙofa. Hajiya ta tsaya da jaka a kafaɗa. Leɓenta yana motsi, ta koma tana lissafi a zuci. Ta cire tabarau ta sake su a kan zarensu.

"A ina kika sa wannan a rubutun?"

Na buɗe kundin, na wuce shafukan da biro ya yi wa kaca-kaca, na nuna mata layin. Ta karanta shi a tsaye. Ta ɗan yi murmushi, na farko tun safe.

"Da gangan kika yi, ashe."

"Haka Baba yake ƙirgawa."

"Baba ya fi ni gaskiya." Ta ajiye jakar ta zauna a bakin kujera. "Ba zan ba ki maki na sama ba, kin ji ko? Wadda ta ce mini kwamfutata ba ta jin C ba za ta samu na sama ba. Amma kin wuce."

Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta hura masa iska don damshi. Sannan ta juya wajen Malam, muryarta ƙasa yadda ba kowa zai ji ba, ni dai na ji don ina kusa. Ta ce ya samo wani tafintan ya sa a kwamfutocin ko da guda biyu ne, yara su riƙa gwada aikinsu a duka biyun. Ya ce in sha Allahu, ya raka ta da lemarta har bakin mota.

Na sa takardar a leda biyu, na cusa a cikin riga. Sai da na fita bakin titi sannan na zauna a kan dakalin wani mai shago na yi kuka, ƙawata tana tsaye a kaina tana cewa in tashi mutane na kallo.

Ranar Asabar na tafi gida. Litinin da sassafe Baba ya ɗauke ni a babur daga Kwandiko zuwa Gwaram, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. Mun tarar da ɗaya mai neman aikin zaune a benci a ƙofar ofis, da takardunsa a cikin fayil mai kyau. Muka gaisa. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Shugaban makarantar ya karɓi takardata ya warware ledojin ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta, ya kai ta kusa da taga ya duba hatimin, ya ce alkawari kaya ne, gobe ƙarfe takwas in zo. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko makulli ɗaure da tsumma, ya ce na ɗakin kwamfutoci ne, guda goma ne a ciki, shida suna tashi.

"Ranka ya daɗe, me da me aka sa a cikinsu?" na tambaya.

"Oho, Malama. Wanda ya kawo su dai ya ce komai akwai."

Na karɓi makullin, na ce ko zan iya leƙawa yau kafin mu koma. Ya ce ɗaki na ƙarshe ne, bayan bishiyar darbejiya, in ɗan ɗaga ƙofar sama kafin in murɗa.